Colt ko Ruger, wacce ta fi sauƙin riƙewa?

Duk biyun libarba ce irin ta kaboyin Amurka, sai ka ɗana da babban yatsa kafin kowane harbi. Colt ta 1873 ramin harsashi shida gareta amma masu ita biyar suke zubawa, su bar rami ɗaya fayau a saitin guduma, wato ƙarfen da kake ɗanawa ya bugi harsashi, don in ta faɗi ƙasa tana iya tashi da kanta wallahi. Ruger kuwa tun 1973 suka sa wani ɗan ƙarfe a tsakanin gudumar da harsashin, in ba ka ja kunama ba babu abinda zai fita, cika shidan kawai. Gogewa kusan ɗaya ne, sai dai in baƙin albarushi irin na gargajiya kake sawa, to ranar zaka wanke da ruwan zafi ka shafa mai, in ba haka ba tsatsa ta cinye bututun. Ni dai Ruger, kodayake Colt ta fi kyau a ido.