Pro Football Reference: rumbun alƙaluman da ke tauye wa mai tsaron gefe mudu

Duk wanda ya saba duba alƙaluman ƙwallon ƙafa a FBref ya riga ya san gidan, don kamfani ɗaya ne, Sports Reference na birnin Filadelfiya, ke riƙe da shi da Pro Football Reference, shafin da ya tattara tarihin 'yan wasan NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka. Kyauta ne, ba ya neman rajista. Ka rubuta sunan ɗan wasa, sai ya fito maka da ranar haihuwarsa, jami'ar da ya buga wa wasa, zagayen da aka ɗauke shi a zaɓen sababbin 'yan wasa, da kowace kaka a layinta. Ga mai jefa ƙwallo ko mai gudu da ita, shafin ya wadatar. Ga mai tsaron gefe, wato ɗan bayan da aikinsa shi ne manne wa mai cafe ƙwallo ya hana shi sakat, akwai gyara, kuma gyaran babba ne.

A buɗe shafin Nnamdi Asomugha a gani. Iyayensa 'yan Najeriya ne, a Amurka aka haife shi a 1981, ya yi Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Oakland Raiders ta ɗauke shi na 31 a zaɓen 2003. A sama za ka ga tsawo da nauyi da ma'aunin Amurka, sannan an saka santimita da kilo a gefe, wanda ya rage wahala. Ƙasa kaɗan akwai teburin tsaro. G adadin wasanni ne, GS waɗanda aka fara da shi, Int ƙwallayen da ya cafke daga hannun abokan hamayya, PD kuma waɗanda ya kaɗe kafin su isa hannun mai su. Bi ginshiƙin Int da yatsa: 8 a 2006, 1 a 2007, 1 a 2008, 1 a 2009, babu ko ɗaya a 2010. Baƙon wasan zai ce mutumin ya haska shekara guda ne ya dusashe. Amma idan ka ja teburin zuwa ƙarshen dama, za ka tarar an zaɓe shi wasan taurari a 2008, 2009 da 2010, kuma yana sahun farko na gwanayen gasar a 2008 da 2010. Ko a 2010 da bai cafke komai ba, an saka shi a sahun farko.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san wasan. Bayan 2006 masu jefa ƙwallo sun daina kallon ɓangarensa. Yana tsayawa dab da hancin mai cafewa, ya dafe shi da dogayen hannuwansa tun kafin ya ɗaga ƙafa, sai mai jefawa ya juya wani wajen. Ƙwallon da ba a jefo ba, ba a cafke ta. Teburin yana ƙirga abin da ya faru ne, alhali ƙwarewar mai tsaron gefe tana cikin abin da ya hana faruwa.

Kamfanin ya san da wannan giɓi, shi ya sa ya ƙara tebur na biyu mai zurfi, amma daga kakar 2018 ya fara. A nan ne ake samun Tgt, sau nawa aka jefa ƙwallo wajen mutumin da yake tsaro. Cmp, nawa aka cafe. Yadi nawa aka ci a kansa. Sau nawa aka zura maki ta gefensa. Da Rat, makin da mai jefawa ya samu duk sanda ya nufe shi. Ƙololuwar wannan maki 158.3 ce. Ma'aunin da ya kamata a riƙe a ka shi ne 39.6, domin abin da mai jefawa zai samu ke nan da a ce duk ƙwallon da ya jefa ƙasa ta faɗi. Mai tsaron da ya riƙe abokan hamayya kusa da nan, ya yi kaka ta ban mamaki.

Da wannan tebur ne ake iya raba Trevon Diggs da Sauce Gardner. Diggs ya cafke 11 wa Dallas Cowboys a 2021, abin da ya cika ido, amma tebur na biyu yana nuna yadda aka riƙa nufarsa da kuma yadin da ya bari, saboda ɗan caca ne, yakan bar mutuminsa ya bi ƙwallo. Gardner, wanda New York Jets ta ɗauka na 4 a 2022 daga Jami'ar Cincinnati, 2 kacal ya cafke a kakarsa ta farko, amma ya kaɗe 20, ya fi kowa a gasar, kuma shi aka ba kyautar sabon ɗan baya na shekara. Ka karanta Tgt da farko, sannan kashi nawa aka cafe, Int ta zo a ƙarshe. Akasarin mutane daga ƙarshen suke farawa.

Sai dai Asomugha ya yi ritaya a 2013, don haka wannan tebur bai san da shi ba. Haka Darrelle Revis, mai tsaron gefen New York Jets a lokacin, wanda kakarsa ta 2009 ake buga misali da ita: shafin zai ba ka 6 da ya cafke da 31 da ya kaɗe, amma ba zai gaya maka cewa mako bayan mako shi ake haɗawa da babban gwanin kowace ƙungiya ba. PD ɗin ma daga 1999 aka fara ƙirga ta, adadin sau nawa aka taka wasa mutum yana fili kuma daga 2012. Kwatanta 'yan zamani biyu a nan kamar auna hatsi ne da mudu biyu mabambanta.

Ko a tebur na zamanin akwai inda ake zamewa. Mutane ne ke kallon bidiyo suna yanke hukuncin wa aka nufa. Idan tsaron mutum-da-mutum ake yi, abin a fili yake. Idan tsaron yanki ne, ƙwallo ta faɗa tsakanin mai tsaron gefe da na bayansa, to wa za a ɗora wa? Wannan ne ya sa alƙaluman shafin ke saɓa wa na PFF, wani kamfanin alƙaluman wasan, a kan ɗan wasa ɗaya a kaka ɗaya, kuma bai kamata a gauraya su a muhawara ba. Shafin kuma ba ya faɗin irin tsarin da koci ya saka mutum. Filadelfiya Eagles ta ba Asomugha kwantiragin dala miliyan 60 na shekara 5 a 2011, ta riƙa sa shi tsaron yanki da ciki maimakon manne wa mutum a gefen dama da ya saba. Ya cafke 3 a shekarar, fiye da jimillar 2009 da 2010, amma wasansa ya ja baya, kuma an sallame shi bayan kaka biyu. Lamba ta hau, mutum ya sauka.

Akwai wata lamba, AV, da ke ƙoƙarin taƙaita darajar kaka guda. Tana da amfani wajen jera tsawon rayuwar wasa, amma tana jingina da ƙarfin tsaron ƙungiyar gaba ɗaya, don haka gwani a raunanniyar ƙungiya yakan cutu.

Ɓangaren jami'a shi ne mafi rauni. Akwai mahaɗi da ke kai ka shafin wasannin kwaleji na kamfanin, sai dai babu Tgt a can, kuma ba zai bayyana maka cewa Asomugha ya fi buga tsaron can baya a Berkeley kafin Raiders ta mai da shi gefe ba. Sakamakon gwajin sababbin 'yan wasa daga 2000 yana nan. Gudun yadi 40, kimanin mita 36 da rabi, shi ake fara dubawa ga masu wannan matsayi.

A waya teburan sun fi allo faɗi, sai ka kwantar da wayar ka riƙa ja gefe, tallace-tallace kuma suna cin data. Da Turanci kawai yake, babu bidiyo ko ɗaya. Buɗe shafuka da yawa a jere cikin minti guda na iya sa a toshe ka na ɗan lokaci. Ana iya sauke kowane tebur a zuba a Excel. Bincike mai tacewa, irin su duk masu tsaron gefen da suka kaɗe 20 a kaka, yana ƙarƙashin Stathead, sashen bincike na kamfanin, wanda ake biya da dala duk wata. Mai rubutu a kan wasanni zai ci moriyarsa, mai kallo don nishaɗi ba ya bukata.