Allon kanban ko jerin ayyuka a littafi: wanne ya fi dacewa da shagon ɗinki?

Hajiya, kin tambaya ko akwai bambanci na gaske tsakanin allon kanban da jerin ayyukan da kike rubutawa a littafi, ganin cewa shagonki mai teloli biyar ya daɗe yana tafiya da littafin, sai dai duk lokacin da Sallah ta ƙarato kaya kan cakuɗe. Bambancin yana nan, kuma ba ƙarami ba ne.

Jerin ayyuka abu biyu kawai ya sani, wato an yi ko ba a yi ba. Idan kika rubuta atamfar wance, sunan zai zauna a shafi har ranar da za a ja masa layi, kuma littafin ba zai gaya miki ko an yanka ta, ko tana jiran mai surfani, ko guga kaɗai ya rage ba. Ga mai aiki shi kaɗai wannan ya wadatar, domin sauran bayanin yana cikin kansa.

Allon kanban kuwa hanyar da aikin ke bi yake nunawa. Ana raba shi gida-gida daga hagu zuwa dama, a shagonki misali: an karɓa, yanka, ɗinki, surfani, guga, sai jiran mai kaya. Kowane kaya yana da katinsa, wanda ke matsawa gaba tare da kayan, ta yadda duk wanda ya ɗaga kai zai ga inda katuna suka taru ba tare da ya tambayi kowa ba.

Kalmar kanban ta Japananci ce, ma'anarta allon sanarwa ko kati. Taiichi Ohno, injiniya a kamfanin Toyota, shi ya gina tsarin daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa na 1950, bayan ya yi nazarin yadda manyan kantunan Amurka ba sa ƙara kaya a kanta sai gwargwadon abin da masu saye suka ɗauka. A masana'antar, sashen da ke gaba ne ke aika kati baya yana neman abin da yake buƙata, kuma idan babu kati ba a ƙera komai. David Anderson ya ɗauko dabarar zuwa aikin manhaja a Microsoft a 2004, daga nan ta bazu zuwa ofisoshi.

Wannan asalin ne ya haifar da abin da, a ganina, ya fi raba allon da littafi: ƙayyade yawan aikin da ke hannu. Littafi ba ya cika, kullum akwai sabon shafi. A allon kanban kuwa ana rubuta adadi a saman kowane gida, kuma idan gidan surfani ya ce uku, kati na huɗu ba zai shiga ba sai ɗaya ya fita, ko da mai yanka zai dakata ya taimaka a wani wuri. Lissafin da wani masani ɗan Amurka, John Little, ya tabbatar a 1961 ya nuna dalili. Idan kaya 30 ne a hannu kuma ana gama 5 a rana, kowane kaya zai kwashe kimanin kwana 6, amma idan 10 ne a hannu, kwana 2 kawai zai yi da ƙwazo iri ɗaya. Na sha ganin mutane sun zana gidaje masu kyau sun ƙi sa adadi, alhali allon da babu iyaka a kansa jerin ayyuka ne da aka shimfiɗa a bango.

Shi ma allon yana da rauninsa. Ba ya nuna ranar alkawari sai an rubuta ta a kati, kuma ranar da teloli suka daina matsar da katuna zai fara ba ki labarin jiya, wanda ya fi rashin labari illa.

Akwai manhajojin allon kanban irin su Trello, wadda ta fito a 2011, amma tunda ku duka a ɗaki ɗaya kuke, na fi son ki fara da allon bango da takardu masu manne. Ki bar littafin domin awo, kuɗin kafin alƙalami da lambobin waya, sannan ki sa adadin farko a gidan da kika riga kika san kaya sun fi daɗewa a cikinsa, ki duba bayan mako biyu ko yana buƙatar ragi ko ƙari.