Wata uku ina aiki da GraalVM Native Image: tashi nan take, gini sai da haƙuri

Ina da wata 'yar manhaja da na rubuta da Java, tana lissafin kaya tana fitar da rasit a kantin maganin yayana. Zaune take a kan ƙaramar saba, wato kwamfutar haya a intanet, da nake biya da dala duk wata, don haka ko megabait ɗaya na ƙwaƙwalwa ba na wasa da shi. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tashinta. Duk sanda na sabunta ta, sai Yaya ya kira: “Kai, abin naka ya sake yin barci, ga mutane a tsaye.”

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Abin da ka rubuta da Java ba ya zama harshen inji kai tsaye, baitkod yake zama, wani harshe na tsaka-tsaki da JVM, manhajar da ke gudanar da shirye-shiryen Java, ke karantawa. HotSpot, nau'in JVM ɗin da nake amfani da shi, wanda kamfanin Sun ya fitar a 1999, yana fara bin baitkod ɗin umarni bayan umarni, yana lura da wuraren da ake yawan bi, sannan ya juya su zuwa harshen inji ana tsaka da aiki. Sai ya yi ɗumi yake gudu, kamar tsohon babur da safiyar hunturu.

Native Image, wani kayan aiki da ke cikin GraalVM, tarin kayan Java na Oracle Labs, ya bi ta wata hanya. Tun kafin a kunna manhajar yake bin diddigin duk ajin (wato tubalin da ake gina manhajar Java da shi) da za a iya kaiwa gare shi, ya juya su gaba ɗaya zuwa harshen inji, ya miƙo maka fayil guda da ke aiki ba tare da JVM ba. Tunda Spring Boot 3 na 2022, tsarin da na ɗora manhajar a kansa, ya zo da goyon bayansa, ban sha wahalar haɗawa ba.

Ranar farko har na ɗauka wani abu ya lalace. Na danna, kafin in ɗaga yatsa ta riga ta tashi. Ƙwaƙwalwar da take ci ta ragu sosai, har na koma ƙaramin tsari a wajen masu hayar saba.

Ginin kuwa wani labari ne. Mintoci yake ɗauka, fankar laftof tana ihu, kome ya tsaya cak. Sau ɗaya aka ɗauke wuta, batir ya mutu ana dab da gamawa.

Inda na sha kunya, laifina ne, domin an rubuta gargaɗin ƙarara ban karanta ba. Native Image yana ɗauka cewa abin da ya gani lokacin gini shi ne duka duniyar. Idan manhaja tana neman aji da sunansa ana cikin aiki, dole ka sanar da shi tun farko, in ba haka ba ya watsar da ajin. Akwai wani ƙaramin shiri, ɗan rakiya, da ke bin manhajar yana rubuta irin waɗannan wurare, amma inda ka taka kawai yake gani. Na gwada sayarwa, ban gwada mayar da kaya ba. Ranar da wata hajiya ta dawo da maganin tari, allo ya ƙi motsi, Yaya ya koma biro da takarda.

Sai kuma rahoton ƙarshen wata, mai dogon lissafi. A nan tsohon HotSpot ya riga Native Image isa. Na fahimci dalili daga baya: a salon rubutun Java, kira ɗaya yana iya faɗawa kan ajujuwa daban-daban. HotSpot yana kallo da idonsa, in ya ga aji ɗaya ne ke zuwa kullum sai ya yanke hanya ya liƙa aikin a wurin, in ya yi kuskure ya warware ya sake. Wanda ya gama juyi tun a gida ba shi da wannan damar. Bugun Oracle yana ba ka ikon tattara bayanan gudu ka sake gini da su, amma na kyauta na al'umma da nake amfani da shi ba shi da wannan.

Yanzu ɓangaren rasit yana kan Native Image, rahoton wata na bar wa HotSpot. Gini kuma sai daren Juma'a, bayan na tabbata batir a cike yake.