Jakar Ɗaurin Ƙwaron Fatsa ta Matafiyi: Kayan Birtaniya da na Amurka

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya, ga bayanin da ka nema game da kayan da masu fatsa na ƙasashen nan suke tafiya da su domin ɗaura ƙwaron yaudara a inda suka sauka. Mai wannan salon kamun kifi ba ya sa tana a ƙugiya, sai dai ya naɗa gashin tsuntsu da na dabba a jikinta da zare har ta yi kama da ƙwaron da kifi yake ci a wannan lokaci, kuma tun da ƙwari suna sauyawa daga kogi zuwa kogi, daga mako zuwa mako, akwai ranar da duk abin da mutum ya ɗauro daga gida kifi zai ƙi kallonsa. Saboda irin wannan rana ake ɗaukar ƙaramar jakar ɗauri.

A shagunan Birtaniya, inda nake zaune, da na Amurka, inda nake zuwa, ana sayar da jaka haɗaɗɗiya da aka riga aka cika da kayan aiki, ana kuma sayar da kowane abu shi kaɗai. Haɗaɗɗiyar mai araha tana jan hankalin sabon shiga, amma yawanci mariƙin ƙugiyarta yana sakin ƙananan ƙugiyoyi, almakashinta ba ya daɗewa yake dakushewa, kuma rabin gashin da ke ciki launuka ne masu ƙyalli da ba za a taɓa buƙatarsu ba. Akwai mai kyau ƙwarai, kamar wadda kamfanin C&F Design na Japan yake yi mai suna Marco Polo, wadda kowane ƙarfe yake da gurbinsa a cikin soso, sai dai tsadarta ta sa sai wanda ya riga ya san abin da yake so ne ya kamata ya saya. A ganina, wanda ya fara rubuta sunayen ƙwari biyar ko shida da zai ɗaura a tafiyar, sannan ya tattara abin da waɗannan kaɗai suke buƙata, shi ne yake samun jaka mara nauyi wadda kuma ba ta rasa komai. Wanda ya ce zai kwashe teburinsa na gida ya cusa a jaka, shi ne za ka gani yana zazzage leda bayan leda a ɗakin masauki yana neman zare ɗaya.

Mariƙin ƙugiya shi ne mafi nauyi a jakar, kuma a nan kayan Amurka sun fi yawa a kasuwa, har a shagunan Birtaniya. Na kamfanin Regal yana da baki mai sifirin: a matsa hannunsa ya buɗe, a saka ƙugiya a saki ya kama, babu wani juye-juyen noti. Na Renzetti mai suna Traveler an yi shi ne domin tafiya, yana warwarewa gida-gida, kuma yana juya ƙugiya a kan tsayinta ta yadda mai ɗauri zai ga cikin ƙwaron da bayansa ba tare da ya cire shi ba. Kamfanin Stonfo na Italiya ma yana yin ƙanana masu inganci. Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci ga matafiyi shi ne gindin. Mai matsewa a gefen tebur ba shi da nauyi, amma teburan masauki sukan zo da kauri ko da lanƙwasasshen baki da ba ya kamuwa, wani lokaci ma na gilashi ne. Mai faffaɗan gindi na ƙarfe yana zama a ko'ina, har a kan murfin akwatin sanyi a bakin kogi, sai dai yana cin kaso mai yawa na nauyin da kamfanin jirgi ya yarda da shi. Mai tafiya a mota ya ɗauki mai gindi, mai hawa jirgi kuwa ya ɗauki mai matsewa.

Sauran ƙarafan ba su da yawa: almakashi mai tsinin baki, mariƙin kwarkwaron zare guda biyu, ɗan hantsakin kama gashi, allura mai ƙota, da abin ƙullin ƙarshe ga wanda bai iya ƙullawa da yatsu ba. Dukkansu suna shiga jakar fensir ta ɗan makaranta. A rufe tsinin almakashi da guntun roba kawai, domin da zarar ya faɗi a kan siminti aikinsa ya ƙare.

Inda ake samun ɓata wuri sosai shi ne gashi. Fatar wuyan zakara guda, irin wadda gonar Whiting da ke jihar Kolorado take fitarwa, tana ɗauke da gashi na kowane girma, amma tana da faɗi, ba ta son lanƙwasa, kuma asara ce babba idan ta jiƙe ko ta ɓace. Wannan gona tana sayar da 'yar leda mai dogayen gashi da aka riga aka tace bisa girman ƙugiya, wadda ta isa ɗaura ƙwari kimanin 100, kuma ita ce ta dace da tafiya. A Birtaniya kamfanin Veniard yana ƙulla kaya ƙanana-ƙanana a leda, kamar gashin fuskar zomo da na ɗawisu da na wutsiyar fezan, wanda hakan yana rage wa mutum aikin rarrabawa. Wanda ya riga ya mallaki babbar fata, sai ya fige abin da zai isa, ya sa a leda mai zif, ya rubuta girman ƙugiya a jiki. Na fi son a ware leda ɗaya ga kowane ƙwaro, ƙugiyarsa da gashinsa da 'yan ƙwallayen kansa duk a ciki, maimakon a tara gashi a gefe guda, ƙugiyoyi a wani gefen. Idan dare ya yi, gajiya ta kama mutum, fitilar ɗakin kuma ba ta da ƙarfi, leda ɗaya zai zaro ya fara aiki.

Zaɓen ƙwarin ma yana rage kaya. Pheasant Tail, wanda Frank Sawyer, mai kula da kogin Avon a kudancin Ingila, ya ƙirƙira, asalinsa abu biyu kawai ake sa wa ƙugiya, wato gashin wutsiyar fezan da siririyar wayar jan ƙarfe, ko zare babu. Adams, wanda Leonard Halladay ya fara ɗaurawa a jihar Mishigan a 1922, yana iya tsayawa a madadin ƙwari masu fiffike iri-iri idan aka sauya girmansa. Lambar ƙugiya kuwa tana tafiya ne a juye, mai lamba 18 ta fi mai lamba 12 ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma daga 12 zuwa 18 sun wadatar ga yawancin kamun tirawut, kifin ruwan sanyi da aka fi nema da wannan salon fatsa. Ko ta Mustad ta Norwe ce ko ta Tiemco ta Japan, a zuba su a akwati mai gida-gida wanda kowane gida yake da murfinsa, ko mai maganaɗisu a ƙasa, domin akwatin da murfi ɗaya ya rufe gidajensa duka, idan ya kife sau ɗaya, lamba 14 da lamba 16 sun gauraya ke nan. Zare baƙi da ruwan ƙasa da ruwan zaitun, mai kaurin 8/0 ko 6/0, ya isa, kuma farin zare da alƙalamin sa launi yana cike gurbin sauran launuka.

Bambancin hidimar shaguna a ƙasashen biyu shi ma yana shafar abin da za a ɗauka. A jihar Montana, garuruwa irin su Ennis da ke bakin kogin Madison da West Yellowstone suna da shagunan fatsa da suke buɗewa da sassafe, akwai allo a bango da aka rubuta ƙwarin da suke fitowa a makon, kuma mai shago zai gaya maka girman da ake kamu da shi idan ka sayi ko da abu kaɗan ne. A can mutum yana iya tafiya da ƙarafansa kawai ya sayi gashi a wurin. A Birtaniya ciniki ya fi karkata zuwa intanet, kaya suna isowa gida da sauri, amma wanda ya nufi tafkunan arewacin Sikotlan yana iya yin tafiya mai nisa bai ga shago ba, saboda haka duk abin da ya manta a gida ya manta ke nan.

Dokokin jirgi da na kan iyaka suna buƙatar kulawa. A Amurka ana barin almakashi a jakar hannu idan bakinsa bai kai inci 4 ba daga mahaɗa, a Birtaniya kuwa iyakar santimita 6 ce, kuma ko ina jami'in da ke bakin na'ura shi ne mai maganar ƙarshe, don haka ya fi sauƙi a sa duk mai tsini a akwatin da za a auna. Gam ɗin da ake ɗiga wa kan ƙwaro, idan mai kama wuta ne, ba a son sa a jirgi ko a wace jaka, shi ya sa matafiya suka koma mai haɗin ruwa ko wanda ake busarwa da 'yar tocila mai shuɗin haske. Niyu Zilan da Ostireliya suna tilasta a bayyana duk gashin tsuntsu da fatar dabba a filin jirgi, kuma gashin zakaran dajin Indiya da masu ɗaurin ƙwaron kama kifin salmon suke so yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa a kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, wadda ta fara aiki a 1975, don haka ba a ƙetara iyaka da shi sai da takarda. Gandun dajin Yellowstone na Amurka ya hana dalma a kayan fatsa, ya kuma wajabta ƙugiya mara ƙaya, saboda haka mai zuwa can ya bar wayar dalma da ake ƙara wa ƙwaro nauyi da ita a gida ya ɗauki ƙwallayen tangistan, wani ƙarfe mai nauyi.

Bayan an dawo, kada a mayar da gashin da ya yi tafiya cikin na gida kai tsaye. A shanya shi ya bushe sarai, a rufe a leda, a sa a firiza na wasu kwanaki, a fitar ya huce, a sake mayarwa, domin asu da ƙwansa sukan biyo kaya daga masauki, kuma ƙwan da ya tsira a sanyin farko na biyun ne yake kashe shi. Daga nan sai a duba kowace leda a cike abin da ya ragu tun kafin a ajiye jakar.