Dashen haƙori a Abuja: aikin ya yi kyau, amma jinyar sai da na yi ta tambaya

Duk wanda ya ji an yi mini dashen haƙori, tambaya biyu yake yi: nawa ka biya, kuma da zafi? Ba kasafai ake tambayar abin da ke biyo bayan aikin ba, alhali a nan ne dashen yake kamawa ko ya lalace. Don haka sharhin nan zai fi tsayawa a kan jinyar, da yadda asibitin da ya yi mini aikin, wani na kuɗi a Wuse 2, ya riƙe ni a cikinta.

Haƙorina na turmi na ƙasa ta hagu ne ya ruɓe har aka cire shi. Na daɗe da giɓin ina tauna da ɓangare ɗaya, har na gefensa ya fara karkata, na sama kuma ya fara saukowa tunda babu mai tare shi. Haƙorin roba mai cirewa bai kwanta mini ba. Gada kuma, wato haƙorin da ake kafawa a giɓi a jingina shi da na gefensa, sai an kankare lafiyayyun haƙora biyu kafin a ɗora ta. Sai na zaɓi dashe, wato ƙaramar ƙusa mai murɗi ta ƙarfen taitaniyom da ake ɗaurawa cikin ƙashin muƙamuƙi, a bar ƙashin ya manne mata, daga baya a ɗora mata kan haƙori, wato ɓangaren da ake gani ake tauna da shi. Wani likitan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura a 1952 cewa ƙashin zomo ya riƙe taitaniyom gam har ya ƙi fita, kuma a 1965 ya yi wa mutum na farko dashe. Wannan mannewar ita ce ginshiƙin aikin duka, kuma tana ɗaukar wata 3 zuwa 6. Duk dokokin da za a kafa maka bayan aikin, ita ake karewa.

Abin da ya fara sa na yarda da likitar da ta yi mini aikin shi ne ƙin gaggawarta. Ina da ciwon suga, ina kan magani. Ta sa aka yi mini gwajin da ke nuna matsakaicin sugan jini na wata 3 da suka wuce, da ta ga sakamakon ta ce, "Alhaji, ka koma wurin likitanka a daidaita wannan tukuna. Suga in ya yi yawa ciwo ba ya warkewa da wuri, kuma ƙwayoyin cuta sun fi samun wurin zama." Da kuɗina kawai take so, da a makon ta yi aikin. Ta kuma sa aka ɗauki hoton na'ura mai nuna kauri da zurfin ƙashi, ta nuna mini jijiyar da ke bi ta cikin muƙamuƙin ƙasa, wadda in aka taɓa ta leɓe da haɓa ke mutuwa. Kafin duk wannan na tabbatar tana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka.

Shi aikin kansa ba shi da dogon labari. Allurar kashe zafi a dasashi, ƙarar na'ura, danni da girgiza, ɗinki. Cire haƙorin ya fi ba ni wuya.

Inda na ga gazawarsu shi ne takardar da aka miƙo mini a bakin ƙofa. Da Turanci take, kuma da gani daga wata ƙasa aka kwafo ta, domin abincin da ta lissafa ba wanda ake girkawa a gidana. Babu tuwo a ciki, babu asuwaki, babu goro, balle alwala. Mutumin da bakinsa ke cike da auduga, leɓensa a mace, ba lokacin da zai zauna yana fassara wa kansa takarda ba ne. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Jos ce ta cece ni. Ta biyo ni har wurin mota ta ce, "Baba, yau kada ka tofar da yawu da ƙarfi, kada ka kurkure baki, kada ka zuƙi komai da tsinken shan lemo. Gudan jinin da ya daskare a wurin shi ne murfin ciwon, in ya fita jini zai dawo." Ta ce in ciji audugar na rabin awa zuwa awa ɗaya, in jini bai tsaya ba in sa sabuwa in sake cizawa.

Maganar alwala ta dame ni ƙwarai, har na kira limamin masallacinmu a Kubwa. Ya tuna mini cewa kurkurar baki sunna ce a alwala, ba farilla ba, kuma mai lalura yana da sauƙi. Ranar farko na bar ta. Daga washegari ina ɗiban ruwa in karkatar da kai hagu da dama a hankali, in buɗe baki ya zubo da kansa. Sujada kuma tana sa wurin bugawa, domin jini na taruwa a kai, don haka sallolin farko a zaune na yi su. Da dare matashi biyu na sa. Wanda zai yi wannan aiki ya dubi kalanda, kada ya sa shi gab da azumi, saboda magungunan suna da lokutansu, wasu kuma ba a shan su da yunwa.

Ƙanƙara tana rage kumburi a yini ɗaya zuwa biyu na farko: minti 20 a kunci, minti 20 hutu, a naɗe cikin tawul. Wuta ba ta zauna a unguwarmu ba a ranar, sai uwargida ta aiki yaro ya sayo ledar fiyawata daskararriya a wurin mai firiza, kuma ta yi aikin sarai. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne kumburin yana kai ƙarshensa ne a kwana na 2 zuwa na 3. Da na ga kuncina ya fi na jiya girma, hankalina ya tashi, na kira lambar da suka ce ta gaggawa ce. Ba a ɗauka ba sai da gari ya waye. Da safe likitar ta kira da kanta, ta ce haka abin yake, amma daren nan na kwana cikin fargabar da jimla ɗaya a takarda za ta iya kawar mini. Wannan ban yafe wa tsarinsu ba.

Magani kuwa farasitamol da ibufurofen ta rubuta, da amoksisilin wanda ta jaddada in shanye duka ko na ji sauƙi. Ta hana ni ƙara asfirin da kaina domin yana sa jini ya ƙi tsayawa. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya faɗa tun wuri kafin a ba shi ibufurofen.

Abinci ne aikin gaske, kuma a nan girkin Hausa ya fi abin da takardar ta lissafa dacewa nesa ba kusa ba. Kwanakin farko koko da kunun gyaɗa na sha, amma sai sun huce, domin zafi na tayar da jini. Saboda sugana ba a sa musu sukari, kuma ban dogara da su kaɗai ba, ana haɗa mini da dafaffen ƙwai, kindirmo, da alale mai laushi. Da na ɗan samu sauƙi na koma tuwon shinkafa da miyar kuka ko ta kuɓewa, waɗanda ke wucewa ba sai an tauna ba. Faten wake da aka dafa ya yi liɓis ma ya yi mini daɗi. Abubuwan da na guje wa su ne yaji mai yawa, da duk abin da ke da ƙananan ƙwayoyi masu maƙalewa a ɗinki: riɗi, dakakkiyar gyaɗa, garin kwaki. Fura ma sai an dama ta sosai an tace. Taunar duka ta dama nake yi.

Bayan awa 24 na fara kurkura da ruwan ɗumi mai rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi, musamman bayan cin abinci. Sun ba ni ruwan kurkure baki na kuloheksidin. Yana kashe ƙwayoyin cuta, amma yana sa haƙori da harshe su yi ruwan ƙasa, yana kuma canza ɗanɗanon abinci, shi ya sa ba a daɗewa a kansa. A bar tazarar rabin awa tsakaninsa da man goge baki. Sauran haƙoran ana goge su kamar kullum da buroshi mai laushi, a kauce wa ɗinkin. Asuwaki na ajiye har aka cire zaren, wanda yawanci ake yi cikin kwana 7 zuwa 14, domin zare-zarensa na iya tsinkewa su shiga ciwon.

Masu zuwa dubiya kowa da maganinsa. Yayana ya zo da kanumfari da jar kanwa ya ce in danna a wurin. Na ce, "Yaya, wannan ba ciwon haƙori ba ne, yanka ne da ɗinki." Kanumfari yana kwantar da zogin ruɓaɓɓen haƙori na ɗan lokaci, amma a kan sabon yanka ƙona nama yake yi.

Lokacin da ya fi haɗari, a ganina, shi ne bayan ciwon ya tafi. Baki ya koma daidai, kana wucewa ta gaban mai tsire da yamma, ƙamshi na kiranka, alhali a ciki ƙashin bai gama kama ƙarfen ba. Dashen kamar turken da aka kafa cikin ɗanyen siminti ne, in ana girgiza shi kafin ya bushe ba zai taɓa tsayawa ba. Kilishi, aya, rake, goro, ƙashin kaza, duk na haƙura da su a wannan ɓangaren har likita ta sake ɗaukar hoto ta ce ya kama. Ni ba na shan taba, amma ta gaya mini sigari da shisha suna rage jinin da ke isa dasashi, kuma suna cikin manyan abubuwan da ke sa dashe ya ƙi kamawa. Ta kuma ce in dawo ba tare da jiran ranar alƙawari ba idan ciwo ya ƙaru maimakon raguwa bayan kwanakin farko, ko na ga mugunya, ko zazzaɓi, ko jini ya ƙi tsayawa, ko leɓe ya zauna a mace bayan allura ta sake, ko dashen ya motsa.

Yanzu an ɗora kan haƙorin, launinsa ya saje da sauran, ina cin nama da shi. Sai dai jinsa daban ne. Haƙorin halitta yana da wani siririn nama tsakanin saiwarsa da ƙashi mai sanar da kai ƙarfin cizo. Dashe ba shi da wannan, don haka ba ya gargaɗi da wuri. Ba ya ruɓewa, gaskiya ne, amma dasashin da ke zagaye da shi yana kamuwa idan datti ya taru, kuma cutar kan ci ƙashi a hankali ba tare da zafi ba. Alamarta ta farko jini ne a buroshi. Na bar tsinken sakace, na koma zaren sakace da ɗan ƙaramin buroshin da ke shiga tsakanin haƙora, kuma ina zuwa a duba a wanke duk wata 6.

Kuɗin yana da nauyi, inshorar wurin aikina kuma ba ta biya ko kwabo ba. Kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Abin da ya ɓata mini rai shi ne kuɗin da aka fara faɗa mini na ƙusar da aikin sa ta ne kawai. Hoton daban, mahaɗin da ke tsakanin ƙusa da kai daban, kan haƙorin daban. Ba ƙarya suka yi ba, amma ba su faɗi duka ba. Zan koma wurin likitar nan idan buƙata ta sake tasowa, domin hannunta da amanarta, amma sai an rubuta mini kuɗin kowane mataki kafin in buɗe baki.

Kafin ka bar asibitin, ka nemi katin da ke ɗauke da sunan kamfanin dashen da girmansa da lambarsa. Akwai Straumann na Suwizalan, akwai Osstem na Koriya ta Kudu, akwai wasu da dama, kuma yawanci kayan ɗaurin wani ba ya shiga na wani. Ma'aikaci irina ana iya mayar da shi Kaduna ko Gombe gobe, kuma idan mahaɗin ya kwance a can, likitan da zai ɗaure shi sai ya san irin wanda ke bakinka. Nawa katin sai da na roƙa kafin aka ba ni.