Shagon hatsin Hajiya a Aboabo: wurin da nake auno wa gidana

Duk mai ciyar da gida mai baki da yawa a Kumasi, ina ba shi shawara ya leƙa wani shagon hatsi a kasuwar Aboabo, na wata Hajiya 'yar Tamale da ɗanta ke taimaka mata. Shinkafar gida, masara, gero da wake take sayarwa, ko a buhu ko a olonka (gwangwanin awo), kuma olonkarta cike take har da tozo.

Abin da ya riƙe ni wurinta shi ne gaskiya a farashi. A ƙarshen 2022, da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, kowa ya ƙara kuɗi, ita ma ta ƙara, kuma ban ga laifinta ba. A shekarar ce gwamnati ta kawo E-Levy kan kuɗin da ake turawa ta MoMo (tura kuɗi ta wayar salula), ita kuwa ta MoMo take biyan manomanta a arewacin Ghana, duk turawa sai an yanke ta. To, a Afrilun 2025 Shugaba Mahama ya sa hannu aka soke harajin, sidi kuma ya farfaɗo, dalar da ta wuce sidi 15 ta dawo kusan 10. 'Yan kasuwa da yawa suka yi ta cewa tsohon kaya ne, da tsada suka saro. Hajiya kuwa, sabon kaya na sauka daga mota ta rage farashi. Da aka ɗora sidi ɗaya kan kowace litar mai a Yulin shekarar, ba ta ɓoye mini ba, ta ce: "Maman yara, kuɗin mota daga arewa ne ke yanka wa buhu farashi, in ya motsa zan faɗa miki."

Shinkafarta daga wajen Fumbisi take zuwa, kashi biyu. Ta farko tsaf take, tana kumbura, waakye da tuwo ba a magana. Ta biyun ta fi araha amma akwai tsakuwa, sai kin zauna kin rege ta da kyau. Yarana dai in jollof ne sun fi son mai ƙamshin nan ta waje, ni kuwa ba na biye musu.

Sai dai arahar nan tana damuna. Ƙanen Hajiya manomi ne. A 2024 fari ya ƙone masa gona, a watan Agusta kuma aka hana fitar da masara da shinkafa da waken suya waje. Da damina ta yi kyau a 2025, sai shinkafar waje ta yi sauƙi saboda ƙarfin sidi, tasa ta zauna a rumbu, alhali taki da kuɗin tarakta da tsada ya biya. Gwamnati ta ware wa NAFCO, kamfaninta na ajiyar abinci, kuɗi don saye daga manoma, amma a ganina tun kafin girbi ya kamata a shirya hakan. In ya fasa noma baɗi, tukunyata ce za ta ji a jika.

Matsalar shagon ita ce lungu. Aboboyaa, babur ɗin ɗaukar kaya mai ƙafa uku, da ƙyar take shiga, in an yi ruwa kuwa sai an nemi mai ɗauko buhu a ka har bakin titi. Ku je da safe kafin masu abincin sayarwa su cika wurin, ranar Juma'a kuma tun kafin azahar take rufewa.