Yadda Masu Hoto Ke Ciniki a Ingila: Saƙo Zuwa Birnin Kebbi

Ƙanena, ina gaisuwa, ka gaishe min da Inna da sauran mutanen gida. Ka ce kana son buɗe shafin sayar da hotunanka a intanet, in faɗa maka yadda masu sana'arku ke yi a nan.

Mai hoto a Ingila ba ya biyo ka gida da ambulan bayan suna ko biki. Adireshin shafinsa zai turo maka da lambar sirri. Kana shiga za ka tarar da hotunan duka, amma ya shimfiɗa sunansa a kan kowanne, har ya ratsa goshin jariri. Sai ka zaɓa, ka biya da katin banki, sannan a ba ka mai tsabta. Kafin kuɗin su fita kuwa, dole ka danna wani ɗan akwati cewa ka amince da sharuɗɗa. Mutanenmu dannawa kawai suke yi, alhali nan gizo ke saƙa.

Dokarsu ta haƙƙin mallaka ta 1988 ta ce hoto na wanda ya ɗauka ne, ko da fuskarka ce a ciki, ko da kai ka biya ladan aikin. Haƙƙin bai faɗuwa sai shekara 70 bayan rasuwarsa. Kuɗinka izini kawai suka saya maka, yawanci na ratayawa a falo da tura wa dangi. Irin abin da muke yi a gida, a buga hoton amarya da ango a kalanda da jaka da kofi a raba wa 'yan biki, a nan sai ka duba ko izininka ya kai can. In bai kai ba, wani ciniki ne daban.

Amma akwai inda dokar ta burge ni. Idan kai ka kira mai hoto don sha'anin iyalinka, ba shi da ikon baza hoton a bainar jama'a sai da yardarka. Shi ya sa wasu ke cusa neman yardar a tsakiyar sharuɗɗan, inda ido bai cika kaiwa ba. Kai ma ka san sau nawa aka tashi rigima a wajenmu don an liƙa hoton matar aure a ƙofar shago, ko an ɗora a Facebook da sunan talla, mijinta bai sani ba, ita ma ba a tambaye ta ba. Wannan sharaɗin ya fi amfani a Kebbi fiye da Landan.

Batun mayar da kaya gajere ne. Abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka fasa, ban da wanda aka yi don kai kaɗai, kamar hoton ɗanka da aka wanke. In kuma ya iso a lalace, kana da kwana 30 ka karɓi kuɗinka.

Kada ka ɗauka komai nasu ya fi namu. Babu ragi, babu bashi, babu "kawo abin da ya sawwaƙa". Ni dai ina kewar mai hoton da zai wanko kafin a tashi daga walima.

Mu ma muna da doka, wadda Buhari ya sa wa hannu a 2023, sai dai kariyar hoto a cikinta shekara 50 ce daga lokacin da aka fara fitar da shi ga jama'a. Ka leƙa Getty Images, shafin da ke sayar da hotuna a intanet, ka ga hotunan bikin kamun kifi na Argungu, masunta da gora da homa sun cika kogin Matan Fada, kowanne sai da lasisi ake amfani da shi. Naka na wurin kuwa suna yawo a WhatsApp an yanke sunanka.

Saboda haka ka rubuta sharuɗɗanka da Hausa, kada su wuce abin da mutum zai karanta a waya yana tsaye. Maganar hoton iyalin mutane ta zo a farko, kuma ka nuna wa lauya kafin ka ɗora.